Bin Sawun Gishiri a Bangon Tsohuwar Alƙahira

Da hantsi na hau tudun Lambun Azhar da ke gabashin tsohuwar Alƙahira, tun kafin ƙura da hayaƙin motoci su lulluɓe gari. Daga can sama birni a shimfiɗe yake kamar tabarma: hasumiyoyi sun yi cirko-cirko, ƙubbobi na leƙowa ta tsakanin rufin gidaje, a kudu kuma ga Ƙal'a, tsohon sansanin tsaron birnin, a kan dutse da masallacin Muhammad Ali a bisanta. Duk baƙon da ya zo nan sama yake ɗaga kai. Ni kuwa gindin bango na zo dubawa, daga idon sawu zuwa kafaɗa, domin a wannan tsakanin ake bambance ginin da zai ƙara shekara ɗari da wanda ya kama hanyar zama kango.

Tudun da nake tsaye a kai asalinsa juji ne. Kimanin shekara 500 mutanen birni suka yi suna kwaso shara da toka da ɓaraguzan gini suna jibgewa a bayan ganuwa, har tarin ya haɗiye ganuwar kanta. A 1984 Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya na lokacin, ya yi alkawarin yi wa birnin lambu, aka zaɓi wannan juji mai hekta 30, amma ba a yi bikin buɗe shi ba sai 2005. Jinkirin yana da dalili. An kwashe ƙasa cikin tifa sama da 80,000, an binne manyan tankunan ruwan sha guda uku a cikin tudun, kowanne faɗinsa mita 80, ƙasar wurin kuma gishiri ya yi mata yawa, sai da aka shimfiɗa magudanai a ƙarƙashi aka kawo ƙasa mai kyau kafin itace ya yarda ya kama.

Garin kwashe jujin ne ganuwar Ayyubawa ta fito fili, wadda aka soma ginawa a 1176 bisa umarnin Salahuddin. Abin da aka tono ya kai tsawon kilomita ɗaya da rabi, a wasu wurare sai da aka haƙa zurfin mita 15. Na bi gefenta a hankali ina kallon duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Dutsen da ya daɗe a binne cikin laima ba ya saurin lalacewa, saboda gishirin da ke cikinsa a narke yake. Ranar da aka yaye masa ƙasa, rana da iska suka same shi, ranar ciwonsa ke tashi. Ruwan ya fara ƙafewa, gishirin ya daskare a cikin ƙananan kafofin dutsen, ya riƙa tura fuskarsa waje har ta ɓamɓare kamar ɓawon itace. Masu gyara sukan fara da share farin garin da busasshen buroshi su kwashe shi nesa da bango, don wanda ya wanke shi da ruwa ya mayar da shi ciki ne. Daga nan a kirɓa jiƙaƙƙiyar takarda da yumɓu da tataccen ruwa marar gishiri, a shafa wa dutsen kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, a bar shi kwanaki ya bushe a hankali. Yana bushewa yana jawo gishiri zuwa jikinsa. A ɓare, a jiƙa ɗan yanki a ruwa a auna yawan gishirin da ya kwaso, a sake shafa sabo, sau uku ko sau biyar, har awon ya daina sauka. Wannan shafi 'yan santimita kawai yake iya ja daga fuskar dutse. Muddin ruwa na shigowa ta ƙasa da sabon gishiri, aikin baban giwa ake yi.

A ɗaya gefen ganuwar, gefen birni, gidajen mutane ne manne da ita, wasu ma sun ɗare kanta. Abin da hukumomin kayan tarihi suka saba yi shi ne share duk abin da ya jingina da tsohon gini a bar shi tsaye shi kaɗai a fili. A nan masu aikin suka nemi a bar gidajen da mutanensu, a gyara su, a janye banɗaki da bututun ruwa daga jikin ganuwar, aka kuma amince. A ganina wannan shawara ta fi lambun kansa nauyi, ko da yake ba ita ake ɗauka a hoto ba.

Ta wajen Bab al-Mahruƙ, ɗaya daga ƙofofin ganuwar, na gangara zuwa dandalin Aslam, cikin unguwar Darb al-Ahmar. Ban yi nisa ba na ga abin da nake nema. A jikin bangon dutse akwai wani layi mai lanƙwasa, kamar shatin da kogi ke bari idan ya janye: ƙasansa duhu da sanyi, a kansa farin gari, samansa busasshe. Na sa yatsa, garin ya zubo tare da ƙwayoyin dutse. A yawancin gidaje layin kan tsaya tsakanin mita ɗaya da ɗaya da rabi daga ƙasa, domin a nan ne ruwan da bango ke zuƙa da wanda iska ke kwashewa suke zuwa daidai. Bango mai kauri yakan ɗaga shi fiye da haka, saboda yana sha da yawa alhali fuskar da yake fitarwa ba ta ƙaru ba.

Garin da ruwan sama bai cika sauka ba, daga ina bango ke samun abin sha? Daga bututu. Bututun famfo da na ƙazantar gida da aka binne wa mutane kaɗan yau ninkin-ba-ninkin mutane ke amfani da su, sun tsufa, suna yoyo dare da rana, ruwan kuma ya taru a cikin ƙasar ciko da birnin ke zaune a kai. Na masai ya fi muni don yana tafe da nasa gishirin. Dutsen ginin ma, wanda aka fi yankowa daga tsaunin Muƙattam, tun asali yana ɗauke da gishiri. Sannan an malale lunguna da kwalta da kankare, ƙasa ta rasa inda za ta fitar da gumi, bango ya zama shi kaɗai ne hanyar da ta rage wa ruwan.

Mai gida ya ga filasta na zuba, sai ya kira birkila a yaɓe masa da siminti, ko a manna tayil har zuwa ƙirji. Wata shida bango ya yi fes. Amma ruwan bai daina hawa ba, fita kawai aka hana shi, sai ya wuce sama ya ɓullo a bakin tayil ɗin. Na ga gidaje da dama da layin gishiri ya koma can kusa da kan ƙofa, inda kawunan katakon bene ke shiga bango. Na ƙwanƙwasa wani yaɓen siminti da bayan yatsa, ya amsa kamar ganga: ya rabu da bango, abin da ke bayansa ya zama gari. Siminti ya fi wannan dutse tauri, idan gini ya motsa ba ya ba da kai, dutsen ne ke tsagewa a madadinsa, ga shi kuma yana ƙara wa bango wani gishirin na daban. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Da farar ƙasa aka gina birnin, da ita kuma ake gyara shi, sai dai ba ta son gaggawa. Ana ƙona dutsenta a zafin da ya kai digiri 900, sannan a kashe shi a rami. Ruwa ake fara zubawa, a riƙa saka ƙonannen dutsen kaɗan-kaɗan, domin yana tafasa yana fantsama, kuma ɗigo ɗaya a ido ya isa masifa. A tace, a bar kwaɓin ya kwanta ƙarƙashin ɗan ruwa aƙalla wata uku. Wanda bai nuna ba yakan ɓoye ƙananan dunƙule da za su fashe daga baya su bar ramuka a fuskar filasta. Awon da aka saba shi ne kwano ɗaya na kwaɓi, biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi wanda aka wanke. A wurare masu laima maginan Masar kan ƙara garin jan bulo da suke kira homra, ko tokar murhun gidajen wanka, don su ne ke sa kwaɓin ya kama ko cikin danshi.

Wajen cike tsakanin duwatsu, da hannu ake ƙwaƙule tsohon kwaɓi, zurfin ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin tsagar. Injin yanka yana cin gefen dutse, ya mayar da siririyar tsaga ƙatuwa har abada. A busa ƙura, a jiƙa, a cusa sabon kwaɓi a danne shi sosai, sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu kamar mako guda ana yayyafi. Farar ƙasa da iskar da take shaƙa take yin tauri, ba da bushewa ba. Idan rana ta busar da ita a kwana ɗaya, gari za ta koma. Filasta kuma ba a wuce santimita ɗaya da rabi a shafi guda, a karce fuskarsa, a jira ya kama kafin a ɗora na biyu. Filastar gindin bango dama don ta mutu ake yin ta: ita ke karɓar gishirin a madadin dutse, bayan wasu shekaru a kankare ta a sake. Wanda ya ga ta fara zuba ya ce aiki ya lalace bai san aikinta ba.

A lungunan Darb Shuglan na ga gidajen da aka gyara, masu hawa biyu da uku, da barandar katako da ta leƙo kan hanya. Ado ne ƙarshen abin da aka taɓa a cikinsu. Farkon aiki awo ne da zane da hoto, a rubuta iyali nawa ne a gidan, wa ke da shi, wa ke haya, domin gidan da ba a san wa zai sa hannu ba ba ya gyaruwa. Sai a tokare inda ke barazanar faɗuwa. Tsagar bango ba a cike ta nan take: ana manna mata ɗan faifan ma'auni ko dunƙulen farin siminti na ado, a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa. Wadda ke buɗewa da zafi tana rufewa da sanyi numfashi take yi, wadda kuwa ke ƙaruwa kullum tana nuna harsashi na nutsewa, kuma sau da yawa akwai fasasshen bututu a ƙarƙashinta. Bayan haka a canza bututun gidan duka, a jera banɗakuna ɗaya bisa ɗaya a gefe guda, a bar bututun inda ido ke gani maimakon binne shi cikin bango. Rufi kuma yawanci nauyi ke kashe shi, don duk wanda ya ga yoyo yashi da tayil yake ƙarawa a kan na da, sai a sauke tarin, a ba sabon rufin gangare na santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa indararo. Katakon bene kansa ne ke ruɓewa inda ya shiga bango mai laima, tsakiyarsa lafiya lau, saboda haka yanke kan ake yi a yi masa ƙari, a bar masa 'yar kafa ta iska. Bangon da cikinsa ya zama rami ana ɗura masa ruwan farar ƙasa daga ƙasa zuwa sama, kamar mita ɗaya a rana, ba da matsi mai ƙarfi ba, kada ruwan ya tura fuskar bangon waje. Kuɗin aikin raba shi aka yi, wani kaso tallafi, wani kaso mazauna suka biya da bashi mai sauƙi, kuma matasan unguwar aka koya wa gini da kafinta suka yi aikin.

Tsakanin gyararrun gidajen akwai kangaye, wasu fili ne kawai cike da shara inda gida ya taɓa tsayawa. Girgizar ƙasar ranar 12 ga Oktoba 1992, wadda ta kashe mutum fiye da 500, ta tura da yawa, amma bango ya riga ya tsage kafin ƙadangare ya samu wurin shiga. Dokokin haya na tsakiyar ƙarni na 20 sun daskarar da kuɗin haya shekara da shekaru har ya zama ba ya sayen buhun yashi, mai gida ya ga ribarsa tana cikin faɗuwar gidan don ya samu fili. Ɗan haya kuwa ba zai zuba kuɗi a abin da ba nasa ba. Gado ya raba gida ɗaya tsakanin magada da yawa, wasu ba a ma san inda suke ba. Ga kuma tsohon tsarin gari da ya shata faɗaɗa tituna ta cikin unguwar: titin bai zo ba, amma duk gidan da layin ya bi ta kansa ya zama gidan da ba wanda zai kashe wa ko sisi. Layin da aka ja a takarda aka manta yana rusa gida ba tare da katafila ba.

Waɗanda suka gina manyan masallatan nan sun san wannan matsala, sun kuma yi mata tanadi tun ran gini tun ran zane. Sarki ko amiri ba ya gina masallaci ko makaranta sai ya haɗa da shaguna da ɗakunan haya da masaukin fatake a matsayin wakafi. Takardun wakafin zamanin sarakunan Mamluk na Masar sukan sharɗanta cewa kuɗin da ya shigo gyaran gini zai fara tafiya kafin albashin kowa, ko da gyaran zai cinye kuɗin duka. Da aka tattara wakafai ƙarƙashin hukuma ɗaya a ƙarni na 19 da na 20, igiyar da ke tsakanin kowane gini da shagunansa ta tsinke. Duk aikin gyaran da na gani a birnin, tambayar da nake fara yi masa ita ce wa zai biya kuɗin share indararo da canza famfo bayan masu ba da tallafi sun tafi.

A titin Bab al-Wazir manyan gine-ginen suke jere. Ga ginin Khayrbak na farkon ƙarni na 16, ga masallacin Aƙsunƙur na 1347 wanda ake kira Shuɗin Masallaci saboda tayil ɗin da aka manna masa a wajen 1652, an sake buɗe shi a 2015 bayan dogon gyara, ga kuma makarantar Umm al-Sultan Sha'aban ta 1369. Kawunan hasumiyoyin Khayrbak da Umm al-Sultan sun faɗi a girgizar ƙasa ta 1884, sun fi shekara ɗari a guntule kafin a mayar da su. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka ɗauka daga yarjejeniyar Venis ta 1964 ita ce gyara yana tsayawa inda zato ya fara. A nan akwai tsofaffin hotuna da zane-zane da za a bi, shi ya sa mayarwar ta halatta. Na lura da wasu duwatsu da suka tsage daga ciki, jan tabo na gangarowa daga tsagar. Ƙarfen da aka ɗaure su da shi a wani tsohon gyara ne ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta ninka ƙarfe girma sau da yawa, sai ta fasa dutsen da aka sa ƙarfen ya riƙe. Magabata darma suke narkawa su lulluɓe ƙarfen. Yanzu cire shi ake yi a sa wanda ba ya tsatsa.

Na miƙe arewa har Bab Zuwaila, ƙofar birnin Faɗimiyawa ta 1092, wadda hasumiyoyin masallacin al-Mu'ayyad biyu ke tsaye a kanta. Daura da ita masallacin al-Salih Tala'i yake, na 1160. An gina shi a bisa jerin shaguna, yadda masallata za su hau matakala, hayar shagunan kuma ta riƙe masallacin. Yau sai ka leƙa ƙasa cikin rami kafin ka ga shagunan. Ginin bai nutse ba, titi ne ya taso, shara bisa shara, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ƙarni takwas. Kowane tsohon gini a irin wannan birni ya zama kwari, duk ruwan unguwa wurinsa yake gangarawa. Injiniyan da zai sabunta titi ya kamata ya kankare tsohuwar kwalta kafin ya zuba sabuwa. Santimita biyar da ake ƙarawa a kowane gyara su ne ke mayar da zaure rijiya.

Bayan ƙofar titin al-Mu'izz ya fara, mai tsawon kusan kilomita ɗaya zuwa Bab al-Futuh. Sashensa na arewa an yi masa babban gyara aka buɗe a 2008: an sauke tsayin titi, an canza bututun ƙarƙashi, an shimfiɗa dutse, an taƙaita shigar motoci, an haska gine-gine da fitilu. Aikin ƙarƙashin ƙasa shi ne alherinsa na gaske, ginin Sarki Ƙalawun na 1285 da maƙwabtansa sun amfana da shi. Amma na karkata cikin wani lungu, taku hamsin daga fitilun, na sake tarar da layin gishiri da bangon da aka tokare da katako. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar kwangila ba. A bakin titin kuma shagunan kayan baƙi suna ta maye gurbin masu sana'ar da 'yan unguwa ke buƙata. Ban ce a hana baƙi ba, kuɗinsu na da amfani. Sai dai idan maƙeri da tela da mai gyaran famfo suka tashi, iyalai ma tashi suke yi, benaye su zama rumbun ajiya, kuma ɗakin da ba kowa a ciki bututunsa na iya yoyo shekara biyu ba wanda ya sani.

Wannan ja-in-ja ba sabo ba ne a Alƙahira. A shekarun 1870, zamanin Khidiwi Isma'il mai mulkin Masar, aka yanka titin Muhammad Ali miƙe sak ta tsakiyar tsofaffin unguwanni zuwa gindin Ƙal'a, ya cinye ɗaruruwan gidaje har da wani ɓangare na masallacin Ƙawsun. A 1881 aka kafa kwamitin adana gine-ginen tarihi, wanda ya ceci masallatai da yawa da yau da babu su, ya kuma bar bayanai da hotuna masu daraja. Shi ma dai gini ɗaya-ɗaya yake kallo, ya rubuta wannan a jeri ya bar na kusa da shi.

Kashegari na nufi unguwar al-Khalifa, kudu da masallacin Ibn Tulun da aka kammala a 879. A titin al-Ashraf ƙubbobi ne a jere: ta Sayyida Ruƙayya ta 1133, ta Shajarat al-Durr ta 1250, sai ta Faɗima Khatun da ta al-Ashraf Khalil, waɗanda suka daɗe ƙafafunsu cikin ruwa. Shirin Athar Lina, wanda ya fara a 2012, ya kama matsalar ta wata fuska da ta burge ni: a tare ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin ya isa ginin, a tace shi, a shayar da lambun unguwa da ke kan tudu a gefe. Ruwan da ke cin ƙubba ya koma raya itace, yara suka samu wurin wasa, 'yan unguwa suka samu dalilin damuwa idan injin ya tsaya.

Yadda ake janye irin wannan ruwa yana da ƙa'ida. A haƙa rami nesa kaɗan da bango, a kwantar da bututu mai ƙofofi cikin tsakuwa, a naɗe tsakuwar da yadin tacewa, a ba shi gangare zuwa rijiyar tarawa inda inji ke ɗaga shi. In babu yadin, ruwa yakan tafi da lallausar ƙasa ya bar rami ƙarƙashin harsashi. In aka ja da sauri, ƙasar da ta saba ɗaukar nauyi a jiƙe ta motse, ginin ya zauna ba daidai ba, ƙubba ta tsage. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake saukewa, ana auna tsayin ruwan a ƙananan rijiyoyin gwaji, ana kuma sa ido kan tsagogi. Inji biyu ake sawa, ɗaya na hutu ɗaya na aiki. Ko bayan ruwa ya sauka, bango mai kaurin mita ɗaya shekaru yake yi yana bushewa, kuma a wannan lokaci gishiri ya fi fitowa. Wanda ya yi gaggawar yin fenti don bikin buɗewa zai sake aikin.

Daga nan na shiga Ƙarafa, babbar maƙabartar da ta miƙe a gindin Muƙattam, inda ƙubbar Imamu Shafi'i ta 1211 take, wadda aka kammala gyaranta a 2021. Maƙabarta ce mai tituna da farfajiyoyi da ƙofofin dutse masu rubutu, kuma mutane sun daɗe suna zaune a cikinta. Tun 2020 ake yanka sababbin hanyoyi da gadojin sama ta wasu sassanta, an rushe hubbarori da dama, an kwashe ƙasusuwa zuwa wajen gari. Amsar hukuma ita ce ba a taɓa ginin da ke cikin rajistar kayan tarihi ba. A nan gizo ke saƙa. Tsohuwar Alƙahira tana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979 a matsayin birni guda, amma kariyar da doka ke bayarwa da ƙarfi ta fi tsayawa kan gine-gine 'yan ɗaruruwa da aka yi wa rajista ɗaya-ɗaya. Abin da ke tsakaninsu, lungu da farfajiya da hubbaren iyali na ƙarni na 19, shi ne mafi yawa, shi ne kuma mafi sauƙin sharewa. Na san cunkoson motoci a birni mai mutum sama da miliyan 20 ba wasa ba ne. Amma titi ana iya karkata shi ko a bi da shi ta ƙarƙashi, kamar ramin da aka haƙa ƙarƙashin titin Azhar aka buɗe a 2001, ƙofar dutse mai rubutun hannu kuwa idan ta shiga bakin katafila ta tafi ke nan.

Na tsaya a bakin wata farfajiya da rabinta ya tafi. Ragowar bangon an yanke shi a tsaye, ana ganin cikinsa sarai: fuska biyu na sassaƙaƙƙen dutse, tsakiya ciko da farar ƙasa mai ɗigon jan homra. Na danna kwaɓin da farce, bai motsa ba. Layin gishirinsa bai kai gwiwata ba. Can sama motoci na wucewa a kan sabuwar gada, wani dattijo kuma yana tsugune yana jera ɓaraguzan allon marmara a ƙasa, yana neman guntun da zai cike sunan da ke kai.